Ga 'yar'uwar da ta tambayi shirin guguwa a Houston

Ƙanwata, sannu da zuwa. Kin ce kina zaune a ƙasan bene da yara ƙanana, an fara sanarwar mahaukaciyar guguwa na tahowa, ba ki san ta inda za ki fara ba.

A garin nan ruwa da rashin wuta sun fi iska wahalar da mutane. Guguwar Harvey a 2017 can wajen garin Rockport ta sauka, nesa da mu, amma ta tsaya tana zuba ruwa kwana da kwanaki, har wasu unguwanni suka samu fiye da mita 1. Guguwar Beryl kuwa, a Yulin 2024, mataki na 1 ce, wato mafi rauni cikin matakai 5 na ƙarfin guguwa, amma ta bar gidaje da shaguna fiye da miliyan 2 babu wuta cikin tsananin zafi. Don haka kar ki ji an ce ƙarama ce ki saki jiki.

Fara da ruwa, yau ɗin nan, kafin kantuna su ƙare. Lissafin hukuma shi ne galan 1, kusan lita 4, ga kowane mutum a rana. Ni na mako guda nake tanada, don gidan Bahaushe da alwala da tsarki galan ɗaya ba ya kai mutum ko'ina. Ki cika bahon wanka saboda kora bayi, amma ki kulle ƙofar saboda yara. Abinci ki nemi wanda ba sai an ɗora tukunya ba: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa, kifin gwangwani, madarar gari. Ki daskarar da ruwa a robobi ki cusa a firiza. Firiza cikakkiya da ba a buɗewa tana riƙe sanyi wajen awa 48, firji kuwa awa 4 ne kawai, sai ku fara cinye abin da ke cikinsa.

Fasfo, takardun zama, takardun haihuwar yara da magunguna, ki sa su a leda mai zif cikin jaka ɗaya kusa da ƙofa, ki kuma ɗauki hotonsu a waya. Ki ciro tsabar kuɗi, don in wuta ta tafi kati ba ya aiki a wurare da yawa. Maigida ya cika tankin mota. Manna salatif a gilashin taga ɓata lokaci ne, gara ku shigo da duk abin da ke baranda.

Janareta ne abin da ya fi tayar mini da hankali. Mun saba da shi a gida, shi ya sa muke raina shi. Bayan guguwa irin wannan, iskarsa mai guba, wadda ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. A waje ake ajiye shi, aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa, ba a gareji ba ko da a buɗe yake. Haka ma murhun gawayi.

Batun tafiya ko zama, ki duba ko lambar unguwarku tana cikin yankunan da ake kwashewa. In an ce ku fita, ku fita da wuri. In ba a ce ba, kar ku bi rububi: lokacin guguwar Rita a 2005 cunkoson masu gudu da zafin hanya sun halaka mutane da dama. Amma tunda a ƙasa kuke, ki gaisa da maƙwabtan sama tun yanzu, ki kuma tambaye su ko ruwa ya taɓa shiga harabar. In ruwa ya rufe titi, kar maigida ya gwada ratsawa, zurfin santimita 30 ya isa ya ɗaga ƙaramar mota.

Inshorar masu haya yawanci ba ta biyan ɓarnar ambaliya, ta ambaliyar kuma sai ta kwana 30 kafin ta fara aiki, ta wannan karon ta wuce ku. Ki dai ɗauki bidiyon kayan ɗakinki yau, ki ɗora na ɗorawa kan tebur da gado. Allah Ya tsare mu baki ɗaya.