Tambaya da Amsa: Dole Ne Mai Zanen Abstirak Ya Iya Zanen Sura?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a sashen zane-zane, shekara ta biyu. Zuciyata ta karkata ga zanen abstirak, wanda ba ya kwaikwayon surar mutum ko itace ko gida. Na kai wa malamina ayyuka shida, ya mayar mini da su duka, ya ce babu komai a cikinsu. Amma wani da nake bibiya a intanet yana cewa wannan fanni ba ya bukatar iya zane, abin da ke ranka kawai za ka zuba a kan kyalle, wai koyon zanen sura ma kashe baiwa yake yi. Hankalina a tashe yake. Malamin ne bai fahimce ni ba, ko ni ne nake ɓata lokacina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, lokacinka bai ɓaci ba tukuna. Zai ɓaci idan ka ci gaba da sauraron mutumin nan na intanet.

Asalin wannan aiki shi ne abin da malaman falsafa suke kira tajridi: a tsame ma'ana daga abin da aka gani, a bar sauran. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya jera shi hawa-hawa. Ido yana karɓar surar abu muddin abin yana gabansa. Tunani yana riƙe surar bayan abin ya gushe, amma da girmanta da launinta. Sai wahami, wanda yake kama abin da ba ya da launi, kamar yadda tunkiya take gane ƙiyayya a jikin kerkeci. A ƙarshe hankali ya tuɓe komai, ya riƙe ma'anar tsura. Ka lura, kowane hawa daga na ƙasansa yake ɗiba. Rariya ba ta tace abin da ba a zuba mata ba.

Kullum sai an zo mini da wannan magana ta "zuba abin da ke ranka", kuma ta gama da hannun yara masu baiwa da yawa. Masu yaɗa ta suna nuna maka aikin ƙarshe na manyan masu zane, su ɓoye maka hanyar da aka bi. To ga hanyar. Piet Mondrian, mutumin Holand, wanda aka sani da baƙaƙen layuka da ja da shuɗi da rawaya, ya yi karatu a makarantar zane ta Amsterdam, ya shafe shekaru yana zanen gonaki da koguna. Nemi itatuwansa uku ka jera su. A na farko, jan itace na wajen 1908 zuwa 1910, kana iya bin kowane reshe da yatsa. A na 1911, mai ruwan toka, rassan sun zama lanƙwasassun layuka, sararin da ke tsakaninsu ya fara yin nauyi daidai da itacen. A na 1912, itacen tufa mai fure, gangar jikin ta kusa ɓacewa, saura kai-komon layukan. Hilma af Klint ta Suwidin, wadda ta fara irin wannan zane tun 1906, ta fito ne daga makarantar zane ta Stockholm, kuma gwana ce wajen zanen tsirrai dalla-dalla. Jackson Pollock na Amurka, wanda 'yan damfarar nan suka fi fakewa da shi saboda yana ɗiga fenti a kan kyallen da ya shimfiɗa a ƙasa, ya zauna gaban Thomas Hart Benton a New York tun farkon shekarun 1930 yana koyon zanen jikin mutum, kuma bai kai ga ɗigar ba sai 1947.

Wanda ya fi bayyana shi ne bijimin Picasso, shahararren mai zane ɗan Sifen, bugun dutse (zane a kan dutse da ake bugawa a takarda) hawa 11 da ya yi a Paris tsakanin Disamba 1945 da Janairu 1946. A hawa na biyu bai rage komai ba, ƙara wa bijimin nama da nauyi ya yi. Sai da ya cika shi sannan ya fara fiɗa: ya raba jikin bisa tsoka da ƙashi, ya gano inda nauyi yake sauka, ya dinga zubarwa har saura 'yan layuka. Layin bayan nan guda ɗaya da ya rage yana ɗauke da dabbar gaba ɗaya, domin mai shi ya san abin da ya jefar. Wanda ya tsallake goma ya fara daga na sha ɗaya, kansa kawai yake yaudara. Mai sayar maka da wannan tsallake kuwa ya san darasin kallo yana da wahalar sayarwa, shi ya sa yake sayar da yabo.

Akwai masu farawa daga murabba'i da launi tsantsa ba tare da wani abu a gabansu ba, kamar mai zane Kazimir Malevich da baƙin murabba'insa na 1915. Wannan hanya ta fi tsauri, don babu surar da za ta rufa maka asiri idan awo ya karkace.

Ga abin yi. Ɗauki abu ɗaya, kujera ko reshen itace, ka ajiye shi inda haske yake zuwa ta gefe guda. Zana shi cikakke da gawayi, da haskensa da inuwarsa. Sake zana shi da baƙi da fari da ruwan toka kaɗai, kana runtse ido har ƙananan abubuwa su narke. Sannan ka tattara shi cikin manyan siffofi biyar zuwa bakwai. Sannan layukan da nauyi da motsi suke bi kawai. Kowane hawa ka gwada shi sau goma a ƙananan akwatuna, santimita 5 da 7, kafin ka taɓa babban kyalle. Juya aikin kai ƙasa, ka kuma dube shi a madubi. Idan gefe ɗaya ya rinjaya, nan take za ka gani. Kuma a kowane hawa ka iya faɗin abin da ka cire da dalilin cire shi.

Ban ga ayyukanka shida ba, amma cututtukan sanannu ne. Siffofi duk girmansu ɗaya, ido ya rasa inda zai sauka. A samu babba ɗaya, matsakaita, da ƙanana. Launuka suna da yawa amma duhunsu ɗaya, don haka ka ɗauki hoton aikin ka mayar da shi baƙi da fari, in ya zama toka ɗaya shimfiɗe to ginin ya rushe. Ja da shuɗi da rawaya an cakuɗa su a jiƙe sun koma laka. Taƙaita kanka ga launi uku da fari. Akirilik, fentin da ake sirkawa da ruwa, yana ƙara duhu idan ya bushe, sai ka haɗa shi da ɗan haske fiye da yadda kake so. Fentin mai kuma, shafin ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, na sama mai yawan mai, in ba haka ba saman ya riga ƙasan bushewa ya tsage.

Batun "abin da ke ranka" kuwa, masanin falsafa George Berkeley ya taɓo shi tun 1710, lokacin da yake ja da takwaransa John Locke: ba wanda zai iya hango alwatika da ba ta da takamaiman kusurwa ko tsawo. Haka kyalle yake. Ba ya karɓar baƙin ciki tsagwaronsa, sai wannan shuɗin, mai wannan faɗin, kusa da wancan bakin layin. Marubuta ma wannan ramin suke faɗawa. Mai waƙa ya rubuta "baƙin ciki ya mamaye zuciyata" yana zaton ya yi zurfi, alhali bai ba mai karatu abin riƙewa ba. Da ya ce takalman mamacin suna nan a bakin ƙofa, kowa yana raɓa su ya wuce, ba wanda ya iya ɗaukewa, da mai karatu ya tsamo baƙin cikin da kansa.

Idan za ka koma wurin malaminka, kada ka kai masa aikin ƙarshe shi kaɗai. Jera masa hawa huɗun a kan tebur, daga cikakken zanen gawayi zuwa layukan, ka roƙe shi ya nuna maka hawan da abin ya kuɓuce maka. Yawanci a na biyu ne, wajen raba haske da duhu, kuma nan za ka koma ka zauna.