Daga Fagen Kokawa Zuwa Teburin Sharhi

Tambaya: Malam, ni da ƙanena muna musu kan Corey Graves, mai sharhin nan na kamfanin kokawa na WWE da ke da zane har wuya. Ƙanen nawa ya ce bai taɓa kokawa ba, baki kawai gare shi. Wa ke da gaskiya?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Ɗan'uwa, gaskiya na wajenka. Sunansa na yanka Matthew Polinsky, an haife shi a 1984, ɗan yankin Pittsburgh ne a Amurka. Ya daɗe yana kokawa a ƙananan zauruka da sunan Sterling James Keenan kafin WWE ta ɗauke shi a 2011. A 2013 shi da Adrian Neville suka ci kambun 'yan bibbiyu na NXT, wato ɓangaren WWE na 'yan kokawa masu tasowa.

Yawan buguwa a kai ne ya tsayar da shi, likitoci suka hana shi ci gaba. A Disamba 2014, yana ɗan shekara 30, ya sanar da ajiye kokawa, ya koma teburin sharhi na NXT. A 2016 aka kai shi Raw, babban shirin WWE na mako-mako.

Ni kam ina jin daɗin sharhinsa ƙwarai, musamman in yana bayanin yadda shaƙa ko murɗa ke gajiyar da abokin karawa, don jikinsa ya ɗanɗana.