Wutar da ke ƙyaftawa ta fi wadda ta ɗauke ba mu wahala

Habu, jiya a tashar jirgin ƙasa ta Idu da ke Abuja ka tambaye ni abin da ya haɗa mu da wutar gari, tunda jirgin nan da dizal yake tafiya, ga kuma janareta a ajiye. Na ce ka bari sai na zauna, don amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin layi.

Gaskiya ne kan jirgi bai damu da wutar gari ba. Amma direba da idon sigina yake gani. Daga Idu zuwa Rigasa a Kaduna kilomita 186 ne, kuma tun da aka buɗe layin a 2016 hanya ɗaya ce, sai a tasha jirage ke kauce wa juna. Jirgi cike da mutane ba ya tsayawa kamar mota, ko direba ya hango matsala sai ya ci ɗaruruwan mitoci kafin birki ya kama. Don haka fitilar sigina, da injin sauya layi, da kwamfutar da ke hana a buɗe wa jirage biyu hanya guda, duk wuta suke ci.

Ka tuna yadda ake gane jirgi yana kan layi. An raba layin yanki-yanki, ana sakin 'yar wuta a ƙarfen dogo, ta bi ta riƙe rile, wato ɗan makunnin da wuta ke riƙewa, a can ƙarshen yanki. Jirgi na shigowa, ƙafafunsa su haɗe ƙarfen biyu, wutar ta daina kaiwa, rile ya saki, sigina ya koma ja. To rile ba ya da ido. Shi dai wuta ta ragu, ya saki. Ko jirgi ne, ko waya ce ta tsinke, ko wutar ce ta yi rauni, duk ɗaya ne a wurinsa. Da gangan aka ƙera shi haka, don in abu ya lalace ya lalace ta ɓangaren tsaro.

Shi ya sa ɗaukewar wuta gaba ɗaya ba ta tayar mini da hankali sosai. Batir ya karɓa, janareta ya tashi, kowa ya san abin da ake ciki. Wadda ke hana ni barci ita ce ƙyaftawa, wadda ko fankar ofis ba ta ji ba. Wutar da ya kamata ta zo bolt 230 ta faɗo ƙasa na ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ta dawo. Kai ba ka ga komai ba, amma rile ya riga ya saki, kore ya zama ja a gaban direban da ke gudu, dole ya taka birki. In a yankin da ake ƙirga ƙafafun jirgi ne, na'urar na iya rasa lissafinta, yankin ya ci gaba da nuna akwai jirgi har sai an bi ƙa'ida an tabbatar babu. Injin sauya layi kuwa, in wuta ba ƙarfi, sai ya ja ƙarfen ya tsaya a rabin hanya yana gurnani, bai kulle ba, sigina kuma ba zai taɓa ba da kore ba.

Janareta da kake taƙama da shi yana bukatar 'yan daƙiƙoƙi kafin ya tashi ya ɗauki kaya. Wannan ɗan tsakanin batir ne ke riƙe da komai, kuma batir a zafin Abuja na watan Maris ba ya tsufa da daɗi. An yi lissafin rayuwarsa ne a kan zafin digiri 25, kowane ƙarin digiri 10 kuma yana cinye kusan rabinta. A wani wurin da na yi aiki shekarun baya, na auna jerin batura da mita, kowanne ya nuna lafiya lau. Da wuta ta ɗauke da daddare, ko minti biyu ba su yi ba. Da safe na taɓa ɗaya na ji cikinsa ya kumbura, farin gari ya taru a inda ake ɗaura masa waya. Tun ranar ban ƙara yarda da batirin da ban ɗora wa kayan wuta na gwada ba.

Damina kuma tsawa ce. Ba sai ta faɗo a kanmu ba, ƙarfen dogo da dogayen wayoyi za su kwaso ta su kawo har cikin ɗaki. Abin da ke kare mu shi ne wayar da aka binne a ƙasa, ita kuma lokacin hunturu, da ƙasa ta bushe ƙarau, ƙarfinta raguwa yake yi. Sai a auna ta kafin ruwan fari.

Abu ɗaya nake roƙonka, ɗana. Wata rana sigina zai maƙale a ja, fasinjoji na ta ƙorafi, waya na ta ƙara, wani ya ce ka ɗan haɗa waya ka tsallake rilen jirgi ya wuce. Kada hannunka ya kai wurin. Jan nan jinkiri kawai ya jawo, akwai kuma ƙa'idar da ake bi a wuce da jirgi a hankali. Koren ƙarya kuwa rayukan mutane ne a wuyanka.

Gobe ka zo da mita da littafin rajista kafin jirgin safe. Za mu kashe wutar gari da hannunmu, ka tsaya da agogo ka ga minti nawa baturan za su riƙe.