Aikin sa-kai na kashe gobara a karkara, zan iya haɗa shi da aikina?

Malam, ka ce kana son shiga 'yan kwana-kwana na sa-kai a ƙauye amma kana tsoron zai cinye maka lokaci. Gaskiya zai ci, kira ba ya sallama, ƙarfe 2 na dare waya za ta yi ƙara ka zura takalmi kana magagin barci, da safe kuma aikinka na jiranka, don haka fara shawara da iyalinka tukuna.

Babbar matsalar karkara ruwa ne da nisa, babu famfon kashe gobara a bakin titi, sai dai tanka ta yi ta jigila daga tafki ko rijiya, kafin ku iso wuta ta yi nisa. Kuma ba kullum gobara ba ce, hatsarin mota ma ku za a kira.

Kuskuren sababbin shiga shi ne jarumta. Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, kar ka shiga ɗaki kai kaɗai ko kuma ba tare da na'urar numfashi ba, kar ka watsa ruwa kan wutar mai ko ta lantarki. Horo kam wajen ƙwararrun hukumar kashe gobara za ka samu, likita kuma ya duba zuciyarka da huhunka kafin ka fara.