Tambaya da Amsa: Me ke ta lalacewa a exec ɗin Linux ne haka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon Linux kuma ina yawan ganin ana fitar da faci, wato gyara, a kan wani fayil na kanel (zuciyar Linux) mai suna fs/exec.c, wai duk matsalar memori ce. Ni a sanina aikin wurin kawai ya tada firogiram, to me ke lalacewa a ciki? Sannan rannan na buga rm * a wata folda sai ya ce min "Argument list too long", shin duk abu ɗaya ne? Daga wani ɗalibin kwamfuta.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. E, tushensu ɗaya ne, kuma wannan "kawai" ɗin da ka faɗa a nan gizo ke saƙar.

Idan aka kira execve, wato kiran da ake yi wa kanel don ya tada firogiram, kanel ba sabon process (firogiram ɗin da ke kan aiki) yake buɗewa ba, wanda ke nan ne zai ci gaba da lambarsa ta PID, sai dai a zubar da duk memorinsa a gina wata sabuwa don firogiram ɗin da zai shigo. Matsalar ita ce argv da envp, wato kalmomin da ka rubuta bayan sunan umarnin da bayanan muhalli irin su PATH, suna zaune ne a cikin tsohuwar memorin da ake shirin rushewa, don haka dole kanel ya fara kwashe su zuwa sababbin shafuka tukuna, kamar mai fitar da kaya daga ɗaki kafin a ɗaye rufin. Daga nan akwai wata gaɓa a begin_new_exec, wani sashe na exec.c, wadda in an wuce ta babu komawa baya. Kafin nan in wani abu ya gaza, sai an saki duk abin da aka karɓa ɗaya bayan ɗaya sannan a dawo maka da kuskure. Bayan nan kuwa babu inda za a koma, tsohon firogiram ya riga ya tafi, sai dai a kashe process ɗin. A hanyoyin janyewar nan ne ake mance sakin wani abu ya yi ta cin memori, ko a sake shi sau biyu, ko a taɓa shi bayan an sake shi.

Saƙon da ka gani iyaka ce aka sa da gangan. Shell, wato firogiram ɗin da ke karɓar umarninka, shi ne ya mayar da tauraron nan (*) sunayen duk fayilolin foldar, suka wuce ƙima. Kafin Linux 2.6.23 na 2007 iyakar 128KB ce, yanzu kwata ɗaya ce ta girman sitak, wato ɓangaren memorin da ake jera waɗannan kalmomi a ciki, in sitak ɗinka 8MB ne kana da kusan 2MB kenan. Yi amfani da find tare da -delete ko xargs, magana ta ƙare.

Amma lissafin iyakar nan kansa ya sha faci. A 2017 masu bincike na kamfanin tsaron kwamfuta na Qualys, lokacin da suka bankaɗo ɓarakar da ake kira Stack Clash, sun nuna kanel yana ƙirga tsawon kalmomin amma ba ya ƙirga fointocin da ke nuna su, wato adireshinsu a memori, alhali kalma fanko bayit 1 ce, fointarta kuma bayit 8 a inji mai bit 64, sai mutum ya cusa fanko rututu ya kumbura sitak ba a sani ba. A zagayen ne ma aka faɗaɗa tazarar kariya ta ƙasan sitak daga shafi ɗaya na 4KB zuwa 1MB.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne ɓarakar PwnKit da aka bankaɗo a Janairun 2022. Kowa ya ɗauka argv[0], wato kalmar farko a argv wadda yawanci sunan firogiram ce, kullum yana nan, ashe kana iya kiran execve babu ko kalma ɗaya, argc, wato adadin kalmomin, ya zama 0. pkexec, wani firogiram mai tada umarni da ikon root (babban mai iko a injin), bai duba wannan ba, sai ya miƙa hannu zuwa argv[1], kuma tunda envp na manne da argv a memori, abin da ya kamo envp[0] ne, ya karanta ya kuma rubuta a kai, shi kenan duk wani mai asusu a injin yana iya zama root. Ɓarakar tana nan tun 2009! Laifin na pkexec ne ba na kanel ba, amma daga Linux 5.18 kanel da kansa yake saka kalma fanko a argv[0] in an turo babu komai, kuma a ganina daidai suka yi, don ba za ka iya bin duk firogiram ɗin duniya kana gyarawa ba.

In kana son sa hannu, gina kanel ɗinka ka tada shi a cikin QEMU, wato injin kwaikwayo, ka kunna KASAN, shi ke kama taɓa memorin da aka saki ko wuce iyakarta, kmemleak kuma yana nuna wadda aka mance. Ka riƙa leƙa rahotannin syzbot, wato manhajar da ke gwada kanel da kanta tana kai rahoton ɓaraka. Kuma in kana karanta exec.c kada ka tsaya a hanyar da komai ke tafiya lafiya, bi kowane goto, wato tsallen da ake yi zuwa hanyar janyewa, har ƙasa ka duba ko abin da aka karɓa a sama an mayar da shi, sau ɗaya tak.