Tambaya da Amsa: Neman abinci da Turkanci a Santambul

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a kasuwar Kejetia ta Kumasi, kuma ban daɗe da fara zuwa Santambul sarin abayoyi da kayan yara ba. Ciniki ba ya ba ni wahala, domin masu shagunan unguwar Laleli suna rubuta farashi a na'urar lissafi, wasunsu ma suna jin Larabci, amma da zarar na shiga gidan abinci sai bakina ya mutu. A tafiyata ta baya burodi da shayi da soyayyen dankali suka riƙe ni har na dawo, ga shi likita ya hana ni sukari, ya kuma ce in rage gishiri. Ina kuma tsoron cin abin da bai halatta ba. Waɗanne kalmomi ya kamata in koya kafin in koma bayan Sallah? Daga wata Hajiya, Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Wasiƙarki ta dame ni, domin mai ciwon sukari da ke wuni tana zagaya shaguna a ƙafa bai kamata ta dogara da burodi da dankali ba, balle a garin da dafaffen ganye da wake da gasasshen nama suke a kowane lungu. Ba na ba ki shawarar haddace dogon jerin kalmomi. Abin da kike bukata shi ne ki iya karanta haruffansu daidai, ki san ɗafa-ƙeya guda biyu, wato ƙarin da ake liƙawa a ƙarshen kalma, sannan ki riƙe sunayen abinci kamar talatin.

Tun 1928 Turkawa suka bar rubutun Larabci suka koma boko, da haruffa 29, kuma yadda aka rubuta kalma haka ake faɗinta, kamar dai Hausa. Inda Bahaushe yake tuntuɓe shi ne harafin c, domin a wurinsu j ne. Wanda ya yi daidai da namu c shi ne ç mai ɗan wutsiya, saboda haka “çay”, wato shayi, cay za ki ce, amma “acı”, wato mai yaji, da j ake faɗinsa. Harafin ş shi ne sh, shi kuwa ğ ba a furta shi, sai dai ya ja wasalin da ya gabace shi, don haka “soğan”, albasa, kusan so'an yake fita. Harafin ı marar ɗigo gajeren sauti ne da ake yi ba tare da an tattara leɓe ko an buɗe baki sosai ba. Mutanen Kumasi ba su da matsala da p, tunda harshen Asante ya riga ya saba musu da shi, kuma idan v ya gagare ki a “tavuk”, ki ce tawuk, za a gane ki sarai.

Wurin da nake so ki fara shi ne “esnaf lokantası”, gidan abincin 'yan kasuwa da masu sana'a, wanda ba za ki rasa shi a unguwannin Laleli ko Merter ko Osmanbey ba. An riga an gama girki, an jera shi a manyan farantan ƙarfe a bayan gilashi yana tururi, mai zubawa yana tsaye da ludayi. Da kin shiga zai ce “buyurun”, wato bismillah, me za a kawo. Ki nuna da yatsa ki ce “bundan”, ma'ana daga wannan, idan kuma ba ki son farantin ya cika ki sa “az” a gaba, wato kaɗan, kamar “az pilav”, 'yar shinkafa kaɗan. A nan idonki zai ga abin kafin ki biya, kunnenki kuma zai ji sunansa daga bakin mai shi.

Ruwa “su” ne, burodi “ekmek”, nama “et”, kifi “balık”, ƙwai “yumurta”, madara “süt”, gishiri “tuz”, sukari “şeker”. Naman rago “kuzu” ne, na shanu “dana”, hanta “ciğer”. Kaza “tavuk” ce, kuma ki kiyaye kada bakinki ya suɓuce ki faɗi ta Hausa, domin “kaza” a Turkanci haɗari ne. Abin da suke kira “pasta” kek ne mai zaƙi, taliya kuwa “makarna” ce, kuma wannan bambanci ya shafe ki fiye da kowa. “Çorba” romo ne mai ɗan kauri da ake sha da cokali, mafi shahara shi ne “mercimek çorbası”, na wani ɗan ƙaramin jan wake da Larabawa ke kira adas, ana samunsa tun da sassafe. “Kuru fasulye” farin wake ne da aka dafa da tumatir, ana haɗa shi da shinkafa, kuma wanda ya tashi da cin wake da shinkafa a Zango ba zai ji shi baƙo ba. Har kuɓewa suna da ita, sunanta “bamya”, sai dai ƙanana suke zaɓa su dafa su ɗungurungum da tumatir da lemun tsami don kada ta yi yauƙi, saboda haka kada ki sa ran miyar tuwo. Yadda aka dafa abin ma yana da muhimmanci a gare ki: “ızgara” gasasshe ne, “haşlama” dafaffe a ruwa, “kızartma” soyayye.

Yanzu sai ɗafa-ƙeyar nan biyu, waɗanda a ganina su ne rabin aikin. Idan aka liƙa “li” a ƙarshen suna, ana nufin abin yana ɗauke da shi, idan aka liƙa “siz”, babu shi a ciki. “Şekerli” mai sukari, “şekersiz” marar sukari. “Etli” mai nama, “etsiz” marar nama. Wasalin ɗafa-ƙeyar yana bin wasalin ƙarshe na kalmar, shi ya sa za ki ji “tuzlu” da “tuzsuz” a gishiri, “acılı” da “acısız” a yaji, “sütlü” da “sütsüz” a madara, “yağlı” da “yağsız” a mai. Kada wannan sauyi ya tsorata ki, domin ko kin kuskure wasalin mai abinci zai fahimce ki, kuma kunne yana kama shi da kansa. Amfanin abin shi ne, kowace kalma kika koya ta zama uku, sannan takardar jerin abincin da a da take kamar tsubbu ta fara buɗewa: “etli bamya” kuɓewa da nama, “tavuklu pilav” shinkafa da kaza, “peynirli pide” gurasa mai cuku, “sütlü tatlı” kayan zaƙi na madara, wanda za ki wuce shi.

Tambaya da kalma biyu ake yinta. “Var” akwai, “yok” babu, idan kin ce “balık var mı?” kin tambaya ko akwai kifi, idan aka ce “kalmadı” ya ƙare. Ga jimlar da nake so ki rubuta a takarda ki sa a jaka: “şeker hastasıyım”, ina da ciwon sukari. Ki haɗa ta da “az tuzlu olsun”, a rage gishiri, ko da yake wannan a abin da za a gasa miki yanzu yake aiki, abin da ke cikin tukunya an riga an sa masa. Ƙidaya daga ɗaya zuwa biyar ita ce bir, iki, üç, dört, beş. Ana kiran mai hidima da “bakar mısınız”, ana tambayar kuɗi da “ne kadar”, idan an gama a ce “hesap lütfen”. Tun farkon 2024 doka ta wajabta wa gidajen abinci kafa jerin farashi a bakin ƙofa, saboda haka ki duba kafin ki zauna, musamman a unguwannin 'yan yawon buɗe ido inda ake sayar da kifi da awo.

Batun halal kuwa, hankalinki ya kwanta game da nama. Naman alade, “domuz”, ba a cika ganinsa ba sai a wasu manyan otal da shaguna ƙalilan, kuma a gidan abincin 'yan kasuwa ba abin da za ki haɗu da shi ba ne. Abin sha ne ya fi bukatar lura. “İçecek” abin sha ne kowane iri, amma “içki” barasa ce. “Bira” da “şarap” da “rakı” duk giya ne, “meyhane” kuma gidan da ake zama don shanta. Ita “rakı” idan an zuba mata ruwa fari take komawa, har mutum ya ɗauka “ayran” ce, wato kindirmon da aka tsinka da ruwa. Ayran halal ce kuma babu sukari a cikinta, sai dai akwai gishiri, don haka ki sha daidai. In kina shakkar wani abu ki tambaya “alkol var mı?”, ko ki nemi rubutun “alkolsüz” a jikin kwalba.

Shayinsu, wanda ake nomawa a yankin Rize, baƙi ne, ba a sa masa madara kamar na mai shayin Zango, kuma a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu ake kawo shi, sukarin yana gefe a kan faranti, sai ki bar shi a nan. Idan ya yi miki ƙarfi ki ce “açık olsun”. Gahawa ce take da tarko, domin tare da sukarin ake dafa ta, saboda haka tun wajen nema za ki ce “sade”, in ba haka ba wata ƙila a kawo “orta”, mai matsakaicin zaƙi. Mai shagon da kike sari a wurinsa zai aiko da shayi, wani lokaci da alewar “lokum”, kuma wannan “ikram” ne, karamci ne da ba a biya. Ki karɓi shayin, ki dafa ƙirji ki ƙi alewar da jimlar nan ta ciwon sukari, babu wanda zai ji haushi. Yaji kuwa, abin da suke kira mai zafi bai kama ƙafar shito, yajin nan namu na Gana, ba. Gasasshen naman da suke kira kebab ɗin Adana yana da yaji, na Urfa ba shi da shi, kuma a kan tebur za ki ga “pul biber”, dakakken jan barkono, ki barbaɗa yadda kike so. Akwai gidajen abincin 'yan Afirka a wajen Aksaray da Kumkapı ranar da kewar gida ta taso, amma ba na so su zama maɓoyarki.

Idan aka ajiye miki abinci za a ce “afiyet olsun”, a ci lafiya. Ki amsa da “teşekkür ederim” ko “sağ olun”, idan kuma kin ji daɗin girkin ki ce wa mai shi “elinize sağlık”, wato Allah ya ba hannunku lafiya. Turkawa suna jin daɗin wannan addu'a ƙwarai daga bakin baƙo.

TAMBAYA: Malam, na samu gurbin karatu a Turkiyya ta shirin Türkiye Bursları, wato tallafin karatu na gwamnatin ƙasar, saura wata uku in tafi. Ta yaya zan riƙe kalmomin abinci ba tare da malami ba? Daga wani ɗalibi, Asawase.

AMSA: Barka da arziki ɗana, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Shirin nan yana ba da shekara guda ta koyon harshe kafin a shiga jami'a, saboda haka nahawu zai zo a lokacinsa, amma ciki ba zai jira aji ba. Ka fara daga madafar mahaifiyarka: ka rubuta “tuz” a gwangwanin gishiri, “yağ” a galan ɗin mai, “pirinç” a buhun shinkafa, ka lura cewa sai ta dahu take zama “pilav”. Cokali “kaşık”, cokali mai yatsu “çatal”, wuƙa “bıçak”, faranti “tabak”, kofi “bardak”. Idan an aike ka cefane, ka riƙa kiran abin da ka saya a zuci: domates, soğan, biber, muz, yer fıstığı, wato tumatir, albasa, barkono, ayaba da gyaɗa. Kada ka haddace kalma tsirara, ka sa ta cikin jimlar da za ka faɗa da gaske, kamar “bir bardak su lütfen”, kuma ka faɗe ta da murya.

A can, ɗakin cin abincin ɗalibai “yemekhane” ne, karin kumallo “kahvaltı”, abincin rana “öğle yemeği”, na dare “akşam yemeği”. Da azumi za ka tarar “iftar” da “sahur” ba baƙinka ba ne, dabino “hurma” ne, “oruçluyum” kuma ina azumi. Iyayen abokanka za su gayyace ka gida, kuma uwar gida ba za ta daina ƙara maka ba har sai ka ce “doydum”, na ƙoshi, ka bi shi da godiya. Idan ka sauka Akra neman biza, ka shiga ɗaya daga gidajen abincin Turkawa da ke can, ka nemi shayi da romon adas da harshensu tun daga sallama har biyan kuɗi, ka ga inda bakinka yake sarƙewa, ka dawo Kumasi ka gyara shi kafin ranar tashi.