Tsutsar da ke kashe ƙwarin gona

Tambaya: Malam, ina noman dankalin Turawa a wajen Bukuru, kusa da Jos. Tsutsa na yanke min shuka daga gindi. Na ji wai akwai wasu ƙananan tsutsotsi a ƙasa masu kashe ƙwari. Yaya zan gane ko gonata na da su?

Amsa: Akwai su, ɗan'uwa, amma sai da madubin binciken ƙananan halittu ake ganinsu sosai. Sanannun su ne Steinernema da Heterorhabditis. Sukan kutsa jikin ƙwaro su saki ƙwayoyin cuta, cikin kwana 2 ya mutu.

Tarko za ka ɗana musu. Ɗebo ƙasa mai laima, zurfin kamu ɗaya, ka zuba a roba mai murfi. Nemi tsutsar da ke cin saƙar zuma wurin masu amya (da murna za su ba ka, ɓarna take musu), ka sa kamar 10, ka rufe, ka kife robar a duhu. Riƙa dubawa har mako guda. Wadda ta mutu ta yi ja, babu wari, aikin Heterorhabditis ne. Mai ruwan ƙasa, Steinernema. Wadda ta yi baƙi tana ɗoyi kuwa, ruɓa ce, zubar.

Kiwon kuma, kife ƙaramin faranti cikin babba mai ruwa kaɗan, shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma ya taɓa ruwan, ɗora gawarwakin a kai. Cikin mako 2 'ya'yan ƙananan tsutsotsin za su gangaro ruwan. Ajiye shi a sanyi, kuma da yamma ake zuba shi a gona, domin rana da bushewa na kashe su.